Wa Ya Ce Lakwal Ba Hausa Ba Ce?

Duk mai yaro a ƙaramar sakandare, a Malali yake ko Unguwar Rimi ko Kawo, ya san shafin nan. An ja layi ya raba takarda biyu daga sama har ƙasa. Hagu Ingilishi, dama Faransanci. School, école. Office, bureau. Customs, douane. Tax, impôt. Lorry, camion. Bayan Magariba yaro ya duƙufa yana bita kamar mai tilawa, gobe a yi gwaji ya ci takwas cikin goma, jibi ya manta. A shekara uku ana haka, ya fita bai iya tambayar hanyar tasha da Faransanci ba. Uba ya sayi littafi, malami ya cika rajista, kowa ya sauke nauyin da aka ɗora masa, sai dai ba a koyi kome ba.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne, kalmomin nan biyar na ɓangaren dama duk akwai su a Hausa. Mai gadin layinsu yaron, mutumin Tawa ko Madawa, da mai shayin bakin titi da ya zo daga Tasawa, kullum suna faɗarsu: lakwal, biro, duwan, lanho, kamyo. Yaron yana ji. Amma tun kafin ya shiga aji ɗaya an riga an koya masa cewa wannan maganar abin dariya ce, wai Hausar 'yan Nijar ce, gurɓatacciya. Sai a ɗauko shi a zagaya da shi ta Landan kafin a kai shi Faris, alhali ga Maraɗi nan bayan Jibiya.

Ni dai ga matsayina, kowa ya ji. Kalmomin Faransanci da suka zauna a bakin Hausawan Nijar Hausa ne, daidai da asibiti da tebur da direba. Haƙƙinsu ne su shiga ƙamus, su shiga rediyo, su shiga aji. Kuma duk faɗin ƙasar Hausa babu garin da ya fi Kaduna rashin bakin da zai yi musu tsaki.

Wace ce Kaduna? Gari ne da Lugga ya zaɓa, aka taso da hedikwatar Arewa daga Zungeru aka kawo nan a 1917. Ba ta da ganuwa, ba ta da ƙofar Mata ko ta Nasarawa. Da bariki ta tashi, da layin dogo, da ofis. Hausar da aka yaye ta da ita ita ce ta saje da kofur da hafsa, ta akawu da masinja, ta Razdan da Di'o da En'e. Marigayi Usman Baba Pategi ya shekara da shekaru yana sa Arewa dariya daga garin nan da sunan Samanja Mazan Fama, kuma samanjan nan muƙamin soja ne na Ingilishi da bakin Bahaushe ya tauna ya tofar. Ba wanda ya taɓa cewa sunan ba Hausa ba ne. A zauren Lugga, inda Majalisar Jihar Arewa take zama a da, da Ingilishi da Hausa ake muhawara. A 1955 aka kafa Hukumar Hausa, cikin ayyukanta har da tace kalmomin aro da tsayar da yadda za a rubuta su. Daga 1962 kuma Rediyon Kaduna ya ɗauki wannan Hausar ya kai ta kowane lungu. Wato mu ne muka buga wa kalmomin Ingilishi hatimi muka ce sun zama 'yan gida. Madalla, aiki ne mai kyau. Amma hukuma ce ta Jihar Arewa, iyakarta iyakar da Turawa suka shata. Abin da ke can tsallake ba a sa shi cikin lissafi ba, mu kuma muka gaji wannan mantuwar muka mai da ita girman kai.

Iyakar fa? A 1890 Ingila da Faransa suka ja layi a takarda daga Sayi a bakin Kwara zuwa Barruwa a bakin tafkin Chadi. Suka sake taɓa shi a 1898, suka kuma taɓawa a 1904 da 1906, domin Faransawa suna son hanya mai rijiyoyi da za ta kai su Damagaram. Rijiya ce ta raba mu, ba harshe ba. Maraɗi Katsinawa ne suka kafa ta bayan jihadi, har gobe Sarkin Katsina ake ce wa mai sarautarta. Sarkin Gobir yana Tsibiri. Wani malamin jami'a Ba'amurke, William Miles, ya zauna a ƙauyuka biyu maƙwabta a yankin Daura, Yardaji a Nijeriya da Yekuwa a Nijar, ya fitar da littafi a kansu a 1994. Mutane iri ɗaya, suna auren juna, suna cin kasuwar juna, amma wannan yana biyan haraji a ofis, wancan yana biyan lanho a biro. Wanne ne ya fi wani zama Bahaushe? In ma tsufan harshe ake nema, mai cewa tahi da hwaɗi bai kamata ɗan Unguwar Sarki ya gyara masa magana ba.

Ga wani abin da mai dariyar bai sani ba. A 1066 Normandawa masu jin Faransanci suka ci Ingila da yaƙi, aka yi ɗaruruwan shekaru fada da kotu da Faransanci suke magana. Masana na ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na kalmomin Ingilishi daga can suka fito. To mu duba abin da muka ara. Gwamnati, kotu, joji, fursuna, asibiti, lasisi, fasinja, duk ta bakin Faransawa suka bi kafin su isa Ingila. Muƙaman soja kuwa, a garin da ke taƙama da makarantar horar da hafsoshi tun 1964, ai sai a yi shiru: soja, saje, laftana, kyaftin, kanar, janar, har shi kansa hafsan. Gareji Faransanci ne tsagwaronsa. Ashe mutumin Kaduna Faransanci yake yi safe da yamma, sai dai nasa gwanjo ne, Ingila ta sa ta cire kafin ya iso Kasuwar Barci. Na Maraɗi shi ya saya sabo a leda. Yanzu mai gwanjo ne ke yi wa mai sabo dariya.

Kada ma a je da nisa. A 1975 aka fara harhaɗa motar Peugeot a Kakuri, tsallaken kogi. Wa ya taɓa jin kunyar cewa Fijo? Wanda ya sayi 504 a wancan zamani har ƙauye ake zuwa kallonsa. Matar gida kuma muna ce mata madam ba tare da ko murmushi ba. Amma da ɗan Nijar ya kira malamin boko mushe, sai a fashe da dariya, wai ya ce masa mataccen jaki. Madam da mushe tagwaye ne, madame da monsieur, ciki ɗaya suka fito. Kuma mai kunne ya san karin sautin mushen aji dabam yake da na mushen juji. Mun karɓi matar mun kori mijin, sannan muna kiran abin tsaron harshe.

Kalmar biro kaɗai ta isa darasin mako guda. A Kaduna biro abin rubutu ne. A Damagaram biro ofis ne, daga bureau, abin rubutun kuwa bik ne. Ka ce wa ɗan Kaduna ka kwana biyu ba ka shiga biro ba, ya zaci ka taɓu. Daga ina aka samo su? Biro sunan mutum ne, László Bíró ɗan ƙasar Hangari, wanda ya yi rajistar alƙalami mai ƙwallo a baki a 1938. Bik ma sunan mutum ne, Marcel Bich, wanda kamfaninsa na Faransa ya fito da Bic a 1950. Turawa biyu, alƙalami ɗaya, Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Sai a gaya mini da wane ma'auni aka auna aka ga sunan ɗan Hangari ya dace da ƙamusun Hausa, na Bafaranshe bai dace ba.

Akwai kuma inda jerin nan mai layi biyu ke jefa mutum rami. Mu nan fetur muke cewa, daga petrol. Direban da ya tsallaka Nijar ya ga kalmar pétrole ya ce ya gane, to bai gane ba, domin a Faransanci wannan ɗanyen mai ne ko kananzir. Man mota essence ne, shi ne isansi a bakin mutanen can. Kuɗi ma haka. Ɗan canji a Kaduna in ya ce dala, ta Amurka yake nufi. A kasuwar Maraɗi dala sefa biyar ce, dala ashirin sefa ɗari, jika kuma sefa dubu, alhali jakar da iyayenmu suka sani fam ɗari ce, naira ɗari biyu. Wannan ba ya cikin kowane littafin Faransanci da ake sayarwa a Kasuwar Gumi. Fatake sun sani, direbobin tashar Kawo masu lodin Katsina da Jibiya sun sani. Ɗan makaranta mai shaidar ya ci Faransanci shi ne bai sani ba.

Na san abin da masu kishin tsarkin harshe za su ce. Za su ce a zubar da duka biyun, da na Ingila da na Faransa, a koma Hausar kakanni. Me za a yi da lakwal alhali ga makaranta, me za a yi da lanho alhali ga haraji? To harajin nan Larabci ne. Littafi, labari, liman, lahira, alƙali, alƙalami, duk Larabci ne. Kuma a duba yadda aka yi da su: Bahaushe ya ji al ɗin da Balarabe ke sa wa suna a gaba, ya haɗiye ta tare da kalmar, al-kitab ya zama littafi, al-khabar ya zama labari. Abin da ya yi wa l'école ke nan ya zama lakwal, l'impôt ya zama lanho. Baki ɗaya ne, dabara ɗaya ce, ɗaruruwan shekaru ne kawai a tsakani. Wanda ya ce lakwal ɓarna ce, sai ya fara mayar wa Larabawa littafinsu. Ban da haka lakwal tana da aikin yi. A can in an ce makaranta, galibi ta allo ake nufi, lakwal kuwa ta boko. Mu nan sai mun haɗa kalma biyu kafin mu bambanta. Sun fi mu taƙaitawa.

Wannan ba ya nufin duk abin da ya faɗo daga bakin ɗan boko ya zama Hausa. Akwai aro, akwai lalaci. Kalmar aro ita ce wadda harshe ya lanƙwasa, ya ba ta jinsi, ya ba ta jam'i: mota motoci, ofis ofisoshi, jandarma jandarmomi. Tsohuwar da ba ta taɓa taka ƙofar aji ba tana faɗarta ba ta san baƙuwa ba ce. Lalaci kuwa shi ne abin da muke ji a gidajen cin abincin Unguwar Rimi da wasu shirye-shiryen kiran waya, inda jimla ɗaya rabinta Ingilishi ne ɗanye, ba a ko wanke shi ba. 'Yan bokon Yamai ma ba su tsira ba, suna da nasu donc da voilà da suke watsa wa magana kamar gishiri. Duk kanwar ja ce. Abin mamakin shi ne, mai Ingausar nan ta Kaduna, wanda ba ya iya kai jimla ƙarshe ba tare da so da but ba, shi ne kan gaba wajen kwaikwayon mai cewa kardante don a yi dariya. Kardante kalma ce da ta gama zama Hausa, ba ka jin carte d'identité a cikinta sai an nuna maka. Gwano ba ya jin warin jikinsa.

Wasu kuma za su ce ai mu ne masu yawa, Hausawan Nijeriya sun ninka na Nijar, littattafai namu ne, fina-finai namu ne, su ne ya kamata su bi. To ai sun bi. Ɗan Maraɗi ya san kwastan, ya san lauya, ya san asibiti, domin ya girma yana sauraron Rediyon Kaduna yana kallon fina-finan Kano. Shi yana da ƙamus biyu a kansa, mu muna da ɗaya. In ana neman wanda aka bari a baya a wannan lamari, ba shi ba ne. Kuma inda aka buɗe ƙofa, kalmomin sun shigo lafiya lau. Sashen Hausa na BBC tun 1957, da na Jamus, da na Muryar Amurka, da na RFI da ya zo a 2007, duk sun riƙa ajiye wakilai a Nijar. Ta nan kunnenmu ya saba da jandarma. Gidan kaso fa? Jaridun Hausa na Nijeriya suna rubuta shi kullum kusa da gidan yari da kurkuku, kuma kason nan cachot ne na Faransawa. Ba wanda ya suma. Ba wanda Hausarsa ta zube.

Gwamnatinmu kuwa ta bi ta bayan gida. A 1996 Janar Sani Abacha ya ce Faransanci zai zama harshen hukuma na biyu, manufar ilimi ta ƙasa ta 1998 ta sa shi cikin abin da za a koyar a makarantu. Dalilin da aka bayar mai kyau ne, wai don mu ji maganar maƙwabta. Amma ƙauyen koyon Faransanci na ƙasa yana Badagry, bakin teku. Maƙwabcin da muke raba iyakar kusan kilomita 1,500 da shi, wanda Hausa muke yi da shi in mun haɗu, ba a tuna da shi a ajin ba. Yaron da Ingilishinsa ma bai zauna ba, da shi ake koya masa harshe na uku. Makaho ne ke jan makaho. Da malamin zai shigo ya ce, yara, wa ya taɓa jin duwan, wa ya san gidan kaso, wa ya taɓa shiga Fijo, da ya tarar ajin ya riga ya san Faransanci ashirin kafin a buɗe littafi. Tun shekarun 1980 Abdoulaye Mijinguini ya fitar da ƙaramin ƙamus na Hausa zuwa Faransanci a Nijar. Malaman Faransanci nawa ne a Kaduna suka taɓa riƙe shi a hannu?

Da a ce abin iya aji ya tsaya, da sai a ce asarar ta yara ce da kuɗin iyayensu. Amma lissafi ya sauya. A watan Maris na 2025 Nijar ta fice daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, kuma kundin da mahukuntanta suka sa wa hannu a watan ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki ne. Kowa da ra'ayinsa kan mulkin soja, kuma a can ma masu wasu harsunan sun yi ƙorafi. Amma abin da ya shafe mu a nan shi ne, yau akwai ƙasa guda da ta ɗora wa Hausa nauyin da Nijeriya ba ta taɓa ɗora mata ba. In da gaske suke, za a fassara dokoki, a rubuta littattafan lakwal, a ƙirƙiro kalmomin shari'a da na likitanci da na lissafi. Da wa za su yi shawara? Da mutanen da ke musu dariya? In kowa ya kama gabansa, nan da shekara talatin za a wayi gari da Hausar takarda iri biyu, wadda ɗan Kaduna zai karanta hukuncin kotun Maraɗi yana neman tafinta. Tun yanzu ma akwai tsaga. An zauna a Bamako a 1966, an zauna a Yamai a 1980 don daidaita rubutu, amma har gobe mu muna rubuta 'ya'ya, su suna rubuta ƴaƴa. Harafi ɗaya ya gagare mu, ina ga kalmomi dubu?

Mun kuma ga yadda siyasa ke yi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka rufe iyaka wata da watanni, aka yanke wuta, a Janairun 2025 Nijar ta kammala ficewa daga ECOWAS. Abuja da Yamai suna iya ɓatawa su shirya su sake ɓatawa. Abin da ya rage a hannun talakan Jibiya da na Ɗan Isa wanda ba ya bukatar sa hannun minista shi ne harshen nan. Shi muke wasa da shi.

Abin da nake nema ba ya bukatar kasafin kuɗi. Malamin Faransanci a Kaduna ya ƙara layi a shafin nan, ya zama gida huɗu: Hausar nan, Hausar can, Faransanci, Ingilishi. Masu sabunta ƙamus, ko na Jami'ar Bayero na 2006 ne ko wani, su sa biro ma'ana biyu, su sa bik da duwan da kardante da isansi, su nuna inda ake faɗarsu, ba tare da alamar da ke cewa kuskure ne ba. Sashen Hausa da sashen Faransanci a jami'o'inmu, waɗanda sau da yawa bango ɗaya ne tsakaninsu, su san ƙofar juna. Gidan Arewa da ke titin Rabah, gidan Sardauna da aka mai da cibiyar bincike, ya saba tara mutane kan tarihi da siyasa. Ya tara malaman Hausa na Zariya da Kano da Sakkwato da na Yamai da Maraɗi da Damagaram kan kalmomi. Mu marubuta kuma, masu cika wayoyin mutane da labarai, mu daina fito da ɗan Nijar sai in ana son mai gadi ko abin dariya. A ba shi matsayin lauya, a bar shi ya ce aboka, mai karatu zai gane daga zancen, kamar yadda kakanninmu suka gane lauyan ba tare da an yi musu fassara ba.

A 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, aka kuma ƙaddamar da na Kaduna zuwa Kano. In Allah ya sa aka gama, mutum zai hau jirgi a nan ya sauka a ƙasar sefa. A tashar Jibiya akwai wanda zai riƙe lasifika ya gaya wa fasinjoji su fito da takardunsu, jami'ai za su shigo. Rabin taragon kwastan suka sani da katin shaida, rabi duwan da kardante. Da Hausa zai yi sanarwar, wannan babu shakka. Wani ne zai zauna ya rubuta masa abin da zai faɗa, kuma ina fata kada a ba ɗan Kadunan da ya ci takwas cikin goma.